Wai waye ke da alhakin gyaran layin unguwa, kuma daga ina kuɗin yake fitowa?

Baban Amira:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar gwamnati ko aikin titi, domin abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ina zaune a wata unguwa a gefen birnin Kano, shekara tara kenan da tarewata, layin namu ba wani dogo bane, daga bakin kwalta zuwa masallacin ƙarshen layi bai fi tafiyar minti bakwai a ƙafa ba, amma duk damina sai ya koma rafi. Watan Agustan da ya wuce ruwa ya ci gefen layin har ya fara tone gindin katangar maƙocina, ɗan adaidaita in ka faɗa masa inda za ka sai ya ce a bakin titi zai sauke ka ko ka ƙara kuɗi, 'yan garuwa ma sun ƙara mana kuɗin jarka saboda turo kura a cikin taɓon nan ba ƙaramin aiki bane. Duk shekara muna karo-karo mu sayi tifa biyu ko uku ta marmara, wani lokacin baraguzan gini, mu zuba, ruwa biyu kawai za a yi ya kwashe ya kai cikin kwata.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne layin da ke bayanmu, wanda wallahi bai kai namu lalacewa ba, bara aka zo aka shimfiɗa musu intalok har da kwata ta siminti gefe da gefe. Ba hassada nake ba, Allah ya ƙara musu, yarana ma ta can suke bi zuwa islamiyya. Mu kuma mun rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, muka kai wani ofis aka buga mana hatimi aka ce mu saurara, yau wata goma sha huɗu shiru.

To tambayata, layin cikin unguwa na waye ne, jiha ko ƙaramar hukuma? Da wane ma'auni ake cewa wannan za a fara wancan ya jira? Sannan harajin da muke biya akwai wani kaso da aka ware wa irin wannan aikin ne ko babu?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam Baban Amira. Na yi aiki a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma shekaru masu yawa kafin na yi ritaya, bari na faɗa maka yadda abin yake a takarda da yadda yake a ƙasa, don ba ɗaya bane.

A takarda hanyoyin ƙasar nan kashi uku ne. Akwai na tarayya, irin hanyar Zariya da hanyar Katsina da ta Maiduguri, waɗannan ma'aikatar ayyuka ta tarayya ce da su, hukumar gyaran hanyoyin tarayya FERMA da aka kafa a 2002 ita ke yi musu faci. Akwai na jiha, manyan titunan cikin gari, ma'aikatar ayyuka ta jiha ke ginawa, hukumar gyaran tituna ta jihar Kano KARMA ke gyarawa. Sai na ukun, layuka da lunguna da hanyoyin ƙauye, wato irin naku. Kundin tsarin mulkin 1999 a jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai ginawa da kula da hanyoyi da layuka da fitilun titi da magudanan ruwa, har sa wa layi suna da bai wa gidaje lamba. Kaga kenan a doka layinku na ƙaramar hukuma ne, babu ja.

Matsalar tana wajen aljihu. Duk wata ana raba kuɗin asusun tarayya a Abuja, tarayya tana ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. In ka ji adadin sai ka ce ai da yawa, to amma kuɗin ba kai tsaye yake shiga hannun ciyaman ba, sashe na 162 ya ce ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, a nan ake fara cire albashin malaman firamare, wanda shi kaɗai yake lashe kaso mafi tsoka, a cire na ma'aikatan lafiya matakin farko, a cire fansho, a cire kason masarauta, a cire na ayyukan haɗin gwiwa da jiha, abin da zai rage ka biya ma'aikatan sakatariya da alawus ɗin kansiloli, in ka ga ragowar wallahi ba za ta yi kwalbati biyar masu kyau ba balle kwalta. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a rinƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma ko an tura albashin nan dai yana nan sai an biya, kuma a Kano mafi ƙarancin albashi ya koma dubu 71.

Maganar haraji kuma, amsar a taƙaice ita ce babu wani asusu da aka rubuta masa "gyaran layin unguwa". Harajin albashi da kuɗin lambar mota da lasin da harajin fili duk jiha ke karɓa, su shiga tukunya ɗaya, daga nan ake ɗibar na asibiti da makaranta da albashi da titi. A wasu ƙasashen harajin gidaje shi ne yake riƙe da titin unguwa, mu ma doka ta ambaci harajin gidaje a cikin hurumin ƙaramar hukuma, to amma ka tambayi mutanen layinku mutum nawa ne aka taɓa kawo wa takardar harajin gidan da yake ciki? Ɗan abin da ƙaramar hukuma ke tarawa na kasuwa ne da tasha da shaguna.

Shi ya sa a cikin birni, ƙananan hukumomi takwas ɗin nan, Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kusan duk layin da ka ga an yi wa kwalta ko intalok, ko dai jiha ce ta yi, ko aikin mazaɓa ne na ɗan majalisa. Mai hakkin abu daban, mai kuɗin yi daban, shi ya sa takardarku take yawo.

Layin bayanku kuwa ina kyautata zaton wani ne ya tsaya musu har sunan layin ya shiga kasafin kuɗi. Aikin da babu sunansa a kasafi da wuya a yi shi, wanda ma yake ciki sai an bi an saki kuɗin.

Maman Yara:

Wallahi kamar layinmu kuke faɗa. Ni abin da ya fi damuna ba mota bace don ba mu da ita, mata masu ciki ne da tsofaffi. Daminar bara maƙociyata naƙuda ta kama ta da tsakar dare, ana ruwa, babu abin hawan da ya yarda ya shigo, sai riƙe ta muka yi mu uku har bakin titi, Allah ya taimaka ta sauka lafiya amma na daɗe ban manta daren nan ba. Ga sauro, ruwa ya kwanta sati biyu a ƙofar gida, kuɗin maganin maleriya da muke kashewa daga Yuli zuwa Oktoba da tarawa ake yi da ya gina kwatar. Kuma dan Allah in za ku yi taron unguwa ku rinƙa tambayar mata, mu ne muke wuni a gida, mun san ta inda ruwan yake fara shigowa da gidan da ke zubo shara a kwata.

Injiniyan Hanya:

Baban Amira sannu da ƙoƙari. Baba Akawu ya gama maganar kuɗi, ni bari na taɓa ɓangaren aikin, don akwai abin da na gani a bayaninka da nake so ku gyara tun kafin gwamnati ta zo.

Marmarar da kuke zubawa duk shekara asara ce, ka yi haƙuri da na faɗa haka. Ba ƙasa layinku ya rasa ba, hanyar ruwa ya rasa. Mu a wajen aiki abu na farko da ake koya maka shi ne babban maƙiyin titi ruwa ne, kwaltar da kake gani baƙa a sama ba ita ke ɗaukar nauyi ba, ita kamar rufin kwano ce, aikinta ta hana ruwa shiga, masu ɗaukar nauyin suna ƙasa, marmarar da rola ta danne da dutsen da aka shimfiɗa a kanta. Da zarar ruwa ya samu kafa ya jiƙa na ƙasan shikenan, mota ta taka ya lotsa, ya tsage, rami ya buɗe. Shi ya sa titi mai kyau ake yi wa tsakiyarsa ɗan tozo, ruwa ya gangare gefe ya faɗa kwata, kwatar kuma dole ta san inda za ta kai shi. Na sha ganin unguwa sun haɗa kuɗi sun gina kwata mai kyau amma ƙarshenta a toshe, ba ta haɗu da babbar magudana ba, sai ta zama tafki mai siminti. Kuma duk tifar da kuka zuba layin yana ƙara tudu, gidajen suna komawa ƙasa, nan da shekara kaɗan ruwan cikin soro zai rinƙa shiga. Ka duba tsofaffin unguwanni za ka ga gidajen da sai ka sauka mataki biyu kafin ka shiga, yawanci abin da ya jawo kenan.

Abu na biyu nauyi. An yi wani babban gwaji a Amurka daga 1958 zuwa 1960, aka gina hanyoyi aka rinƙa bin su da manyan motoci har suka lalace, abin da aka gano shi ne in nauyin da ke kan aksul ɗin mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin gefe da gefe, ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi tana ninkawa kusan sau goma sha shida. Wato ƙananan motocin layinku da babura da adaidaita duk ba su ne matsala ba, tifar yashi ɗaya mai lodi da take shiga wajen masu gini ko tankar ruwa ta fi su ɓarna gaba ɗaya. Layin unguwa ba a gina shi don su ba.

Game da ma'aunin zaɓe da ka tambaya, a inda ake bin tsari ana zagaya duk layukan gari lokaci-lokaci a ba kowanne maki, akwai ma'aunin da injiniyoyin sojan Amurka suka ƙirƙiro daga 0 zuwa 100, sabo fil shi ne 100, wanda ya mutu murus yana kusa da 0. Sai a haɗa da yawan masu bi, akwai makaranta ko asibiti ko kasuwa a kai, yana haɗa manyan tituna biyu ko a toshe yake. Abin da zai ba ka mamaki, kuma zai ɗan yi maka ciwo, shi ne a wannan tsarin ba mafi lalacewa ake fara yi ba. Titin da ya fara tsagewa kaɗan in ka toshe tsagar ka shafa masa sabuwar kwalta siririya da kuɗi kaɗan ka ƙara masa shekaru, wanda ya riga ya mutu kuwa sai an kankare an sake daga tushe, kuɗin layi ɗaya irin wannan zai ceci layuka da yawa masu sauran rai. To hukumar da kuɗinta bai da yawa tana raba shi biyu, kaso na rigakafi, kaso na sake gini a bi layi-layi shekara-shekara, kuma a manna jerin sunayen kowa ya gani ya san shekarar da za a zo kansa. Wannan jerin shi ne abin da na fi so na gani a garuruwanmu, domin mutum zai iya haƙurin shekara uku in ya san ta huɗu tasa ce, abin da ke cin rai shi ne rashin sanin ko kana cikin lissafi ma.

Tsada kuma gaskiya ce ba ƙarya 'yan kwangila suke ba. Baƙin man kwalta daga waje ake shigo da mafi yawansa da dala duk da muna da shi kwance a ƙasa a jihar Ondo, gireda da rola da tifa duk gas suke sha, siminti da ake saya ƙasa da dubu 5 a farkon 2023 ya haura dubu 10 a farkon 2024. Shi ya sa ga layi irin naku ni intalok nake ba da shawara, ba ya buƙatar manyan injina, magina na unguwa za su iya, in masu ruwan famfo suka zo fasa hanya a cire a mayar, ba kamar kwalta ba da in an yanka ta sai dai tabo. Amma shi ma in babu kwata yashin ƙarƙashinsa zai zurare ya baje.

Ɗan Kurna:

Ni dai ra'ayina kuɗi akwai, inda ake kai su ne daban. Ku lissafa gadojin sama da na ƙasa da aka yi a Kano daga 2012 zuwa yau, Ƙofar Nasarawa, Kabuga, Gadon Ƙaya, Sabon Gari, Dangi, Hotoro, ga na Tal'udu da Ɗan Agundi, ban ce ba su da amfani ba, ina bin su kullum, amma kuɗin guda ɗaya layuka nawa zai yi wa kwata? Gada kowa yana gani, ana yanka zare ana ɗauka a talabijin, kwatar lungu kuwa babu mai zuwa buɗe ta. Kuma wannan ba maganar jam'iyya bace don kowacce gwamnati ta yi nata.

Tsohon Akawu:

Ɗan Kurna maganarka akwai ƙamshin gaskiya, sabon aiki ya fi gyara farin jini a wajen ɗan siyasa ko'ina ne. Amma a yi adalci, an taɓa ayyukan cikin unguwa ma, zamanin Kwankwaso na biyu an shimfiɗa intalok a lunguna da yawa na cikin birni, an kuma fito da titin kilomita biyar-biyar a ƙananan hukumomi 44, wanda da kuɗin haɗin gwiwar nan da na faɗa aka tsara shi, wasu an gama wasu suka daɗe a tsaye. Abin da ba a yi ba shi ne ware kuɗin kula da su duk shekara, sai a gina a tafi.

Akwai kuma abin da mu talakawa ba ma so a faɗa. Baban Amira unguwarku shimfiɗar gwamnati ce ko awon igiya? Domin yawancin sabbin unguwannin gefen gari gona ce aka yanka aka sayar, mai gonar yana so ya fitar da fuloti da yawa sai ya matse hanya, ba a bar wa ruwa hanyarsa ba, wani wurin ma kududdufin da ruwan unguwa ke taruwa aka cike aka gina. Irin wannan layin ba ya cikin taswirar KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, in injiniya ya zo sai ya tarar gireda ba za ta iya juyawa ba, ko sai an rushe katangar wani an biya diyya, sai ya rubuta a rahoto a tsallake zuwa inda aiki zai yi sauƙi. Ba mamaki wannan ma yana cikin abin da ya bambanta ku da layin baya.

Shawarata, kar ku sake kai takarda da hannun mutum ɗaya. Ku yi wa ƙungiyar unguwarku rajista a matsayin ƙungiyar taimakon kai da kai, ku auna tsawo da faɗin layin, ku ƙirga gidaje, ku ɗauki hoto ana tsakiyar ruwa ba bayan ya janye ba, ku rubuta makarantu da masallatan da ke kai. Kwafi ɗaya ga kansila, ɗaya ga ciyaman, ɗaya ga ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, ɗaya ma'aikatar ayyuka, dagaci da hakimi su sani. Kuma lokaci yana da muhimmanci, ana haɗa kasafin shekara mai zuwa ne tun daga wajen ƙarshen damina, gwamna ya kai majalisa kafin ƙarshen shekara, wanda ya kai kokensa a Fabrairu ya makara sai dai wata shekarar. In kun nuna kun fara da kuɗinku kun fi samun kunne, jami'i ya fi son ya ƙarasa abin da aka fara.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, mu ma nan ciwon guda ne. Wurinmu hanyoyin cikin gari na ma'aikatar magajin gari ne, akwai ma harajin da ake kira na hanya da mutanen birni ya kamata su biya duk shekara, amma amsar shi wuya gare ta, mutane na cewa mi aka yi muna da na bara, su kuma can suna cewa ba ku biya ba da mi za mu yi. Manyan hanyoyi su suna da asusunsu na gyara, kuma ana biyan kuɗin hanya a shingayen hita gari. Abin da ya canza huskar garuruwanmu shi ne bikin 18 ga Disamba, ranar jamhuriyar Nijar, da aka riƙa zagayawa da shi jiha-jiha, Dosso a 2014, mu Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas 2016, Tawa 2017, Damagaram 2018, garin da zai amshi biki sai a zuba mishi kwalta da hitilu. An samu ci gaba sosai ba a musu, amma manyan hanyoyin tsakiyar gari ne suka samu, ka shiga cikin unguwa yashi ne da ruwa kwance kamar da. Abin da na ga ya yi ƙarko shi ne pabe, wanda kuke ce ma intalok, akwai waɗanda aka shimhiɗa tun muna yara suna nan, kuma samarin unguwa ne ke samun aikin. Maganar injiniya gaskiya ce, inda aka yi pabe aka yi mishi hanyar ruwa shi ne ya daɗe.

Baban Amira:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Akawu ka taɓo inda yake ciwo, unguwarmu awon igiya ce, kuma da ka yi maganar kududdufi sai na tuna lokacin da na sayi filina akwai wani babban rami a ƙasan masallaci da ruwa ke taruwa, yanzu gidaje huɗu ne a wurin. Layin bayanmu kuma ya fi namu faɗi, kuma yana fita har ɗaya titin, namu a toshe yake, ban taɓa kawo wannan a raina ba sai da Injiniya ya faɗa.

Jiya bayan isha'i na karanta wa dattawan layi amsoshinku a ƙofar masallaci, an ɗan ja da baya kan maganar daina zuba marmara domin wasu suna ganin ko ba komai tana rage taɓo na sati biyu, amma a ƙarshe an yarda kuɗin bana ba za a sayi ƙasa da su ba. Za mu nemo mai awo ya duba mana gangaren layin ya faɗa mana ta ina ruwan zai fita zuwa babbar magudanar bakin titi, sai mu fara kwatar daga can ƙasa muna hawowa gwargwadon abin da aka tara. Maman Yara na isar da saƙonki, matata da wasu mata biyu za su zagaya gidaje su rubuto mana inda ruwa ke shiga da inda ake zubar da shara. Rajistar ƙungiya kuma wani malamin makaranta a cikinmu ya ɗauki nauyin bin ta.

Injiniya saura tambaya ɗaya, layin faɗinsa bai fi ƙafa ashirin ba a inda ya fi matsewa, kwata ɗaya a tsakiya mai murfi ta fi, ko a yi ƙanana biyu gefe da gefe? Kuma bulo za mu yi amfani da shi ko sai an zuba kankare?